Daga Ƙarofi Zuwa Shagon Tela: Tarihin Sutura a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da rarrabe sutura gida biyu, wato kayan ado da ake ajiyewa a adaka don salla ko biki, da kuma kayan yau da kullum. Kowanne yana da ƙa'idarsa da masanansa. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun waɗannan gidaje biyu tun daga cikin birnin Kano har zuwa unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, domin a ga abin da aka gada da abin da ake gab da rasawa.

Tushen Sana'ar

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa aka fara amfani da figini da takalmin gashin jimina a fada. Marinar Ƙofar Mata kuwa ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin ƙasar, har ya ƙiyasta cewa a kowace shekara ana kai kayan raƙuma aƙalla 300 na tufafin Kano zuwa Tumbutu.

Babbar riga ta gaske aikin mutane da yawa ce. Mata su kaɗa auduga su yi zare, masaƙa su saƙa ƙwarya-ƙwarya, marina su tsoma a ruwan baba da toka, mabuga su buga har ta yi sheƙi, sannan maɗinki ya harhaɗa. Galibi malami ne ke zana fasalin aikin wuya da na aljihu, shi ya sa zanen ke kama da zayyanar allo. Zaren tsamiya daga tsutsar da ke saƙa a jikin bishiya ake samunsa, alharini kuma ta hamada fatake ke kawo shi. Rigar saƙi mai aska takwas takan ci watanni a hannu. Idan aka lura, irin wannan ɗinki na mutum ɗaya, da awonsa, da aikin hannu zalla, shi ne abin da gidajen ɗinki na Faris ke tinƙaho da shi tun bayan da Charles Worth ya buɗe nasa a 1858. Kano ta riga su da ƙarnoni.

Sauyin Zamani a Wajen Ganuwa

Zuwan Turawa a 1903 da isowar jirgin ƙasa a 1911 sun buɗe ƙofa ga yadin kanti da keken ɗinki. Amma babban sauyin da ya shafi yankin da muke magana a kai ya biyo bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Ma'aikata suka yawaita, gari ya faɗaɗa ta Titin Zariya, gonakin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suka koma gidaje, har Tarauni ta zama ƙaramar hukuma a 1996.

Ma'aikacin da zai wuni a tebur ko ya hau babur ba zai iya da riga mai hannu har ƙasa ba. Saboda haka kaftani da wando da hula zanna suka zama suturar ofis, aka bar babbar riga ga Juma'a da ɗaurin aure. Siyasa ma ta sa hannu. Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da manyan riguna da rawani, shi kuwa Malam Aminu Kano ya zaɓi farin yadi maras ado da jar hula, ya nuna cewa sauƙin tufafi ba ya rage mutunci. Mu da muka kama aiki a shekarun 1980 mun tarar da darussan nan biyu suna aiki: a yi tsaf ranar aiki, a ƙure adaka ranar taro.

A ɓangaren mata, zane da riga da kallabi da gyale na atamfa su ne kayan kullum, leshi da shadda kuma na biki. Daga shekarun 1980, yaɗuwar makarantun Islamiyya ya sa hijabi ya samu karɓuwa, abin ya ƙara ƙarfi bayan ƙaddamar da shari'a a 2000. Wannan bai kashe ado ba, domin har yau lefe ne ma'aunin da mata ke gane mai ido a zaɓen kaya.

Yadda Ake Gane Mai Iya Sa Kaya

Dattawa ba tsadar yadi suke fara dubawa ba. Suna duba ko hula ta dace da launin aikin wuya, ko wando ya tsaya inda ya kamata, ko mutum ya iya saɓa hannun riga a kafaɗa, sannan ko kayan sun dace da shekarunsa da wurin da ya je. Wanda ya je ta'aziyya da malum-malum ya yi kuskure, haka ma saurayin da ya naɗa rawani mai kunne biyu ba tare da gadon sarauta ba.

Abin da Ke Cikin Haɗari

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, masaƙun zamani suka fara durƙushewa saboda tsadar kayan aiki da ƙarancin wuta da yadin sumoga. Kamfanin UNTL na Kaduna ya rufe a 2007, yadin Sin ya mamaye Kantin Kwari. A shagunan telolin Court Road da kewayen kasuwar Tarauni, injin kwamfuta kan gama cikin wuni aikin da hannu ke yi a wata. Ba laifi ba ne, domin talaka ya samu sauƙi. Damuwar ita ce sunaye da ilimin na tafiya tare da tsofaffi. Yara ƙalilan ne za su bambance saƙi da barage, ko ƙore da gare, ko aska biyu da aska takwas.

Kammalawa

A 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kuma rabin kwarjinin hawan sutura ne. A Nijar, Alphadi ya kafa bikin nuna tufafi na FIMA a 1998 a kusa da Agadas, ya nuna cewa aikin gida na iya gogayya da na ko'ina. Don haka muna kira ga malamai su riƙa kai ɗalibai Gidan Makama da Ƙofar Mata, su sa kowane yaro ya tambayi kakansa sunan rigarsa ya rubuta. Dattawa kuma kada su yi gaggawar sayar da tsofaffin riguna kafin a ɗauki hotonsu a rubuta tarihinsu. Allah Ya suturta mu duniya da lahira, amin.