Asalin Kalmar "Deadline"

Kalmar Turanci "deadline" haɗin kalmomi biyu ce, "dead" (matacce) da "line" (layi), kuma a kurkuku ta yi suna. Lokacin yaƙin basasar Amurka, a 1864, an kafa wani ɗan shingen katako cikin sansanin fursunoni na Andersonville a jihar Jojiya, kimanin mita 6 daga katangar sansanin, ana kiran sa "deadline". Duk fursunan da ya ƙetare shi, ko da ruwa ya miƙa hannu ya ɗiba, masu gadi na iya harbe shi nan take. Abin tausayi, fursunoni kusan 13,000 suka mutu a sansanin, galibinsu saboda yunwa da cuta.

Daga baya maɗaba'u suka ari kalmar ga iyakar da rubutu ba ya wucewa a jikin injin buga rubutu. Wajajen 1920 'yan jaridar Amurka suka mai da ita wa'adin miƙa labari, ma'anar da ofisoshi da makarantu ke amfani da ita yau.