Kwaɗon da Aka Garƙama wa Mai Saye: Tarihin Kulle Waƙa da Fim a Waya

Tun da aka fara sayar da waƙa a kan faifai, ciniki iri ɗaya kowa ya sani: ka ba da kuɗi, a miƙo maka kaya, daga nan ruwan mai shago ya ƙare. Wanda ya sayi kaset ɗin Shata a Kano yana da ikon ya saurare shi a gida, ya sa shi a mota, ya ara wa maƙwabci, ya sayar, ko ya mutu ya bar wa 'ya'yansa. Cikin shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce, wasu kamfanonin Amurka sun sauya wannan tsohuwar al'ada, kuma sauyin ya iso aljihun kowa ta cikin wayar salula. Abin da tarihinsa ya nuna shi ne, kwaɗon da aka ƙirƙiro da sunan hana satar fasaha bai taɓa tsare ɓarawo ba. Mai gaskiyar da ya biya kuɗinsa shi aka ɗaure, ribar ɗaurin kuwa ta tafi wurin mai shago, ta bar mawaƙi a tsaye.

Tsoron kwafi ya girmi intanet. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma a farkon shekarun 1980 kamfanonin waƙa na Ingila suna ta kururuwa cewa naɗar waƙa a gida zai kashe sana'arsu. A Amurka, kamfanonin fim sun maka Sony a kotu kan na'urar bidiyo ta Betamax, har kotun ƙoli ta yanke hukunci a 1984, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa naɗar shirin talabijin don a kalla daga baya ba laifi ba ne. Amma kaset yana da tasa iyakar, domin duk kwafin da aka yi daga kwafi sautinsa na ƙara dushewa. Fasahar MP3, wadda masu bincike na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka jagoranci samar da ita, ita ta kawar da wannan iyakar: kwafi na dubu daidai yake da na farko. Da manhajar Napster ta bayyana a 1999, miliyoyin mutane suka shiga musayar waƙoƙi kyauta har kotu ta sa aka rufe ta a 2001. Kafin nan, a 1998, majalisar Amurka ta riga ta yi dokar da ake kira DMCA, kuma a cikinta akwai sashen da ya juya komai. Sashen ya mayar da ɓalle kwaɗon da aka sa wa faifai laifi mai zaman kansa, ko da mutum da kuɗinsa ya sayi faifan, ko da babu wanda zai ba kwafi. Daga wannan rana, kamfani ke rubuta wa mai saye iyakarsa a cikin manhaja, doka kuma ta tsaya masa.

A wannan yanayi Apple ya shigo. Ya saki manhajar iTunes a Janairun 2001, ya fito da na'urar sauraron waƙa ta iPod a Oktoban shekarar, sannan a ranar 28 ga Afrilu 2003 ya buɗe shagon sayar da waƙa a intanet da waƙoƙi 200,000, kowace a kan senti 99. Cikin mako guda aka sayar da miliyan ɗaya. Dole a yi wa Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, adalci a nan, domin ya gano abin da kamfanonin waƙa suka kasa ganowa, cewa yawancin mutane ba sa ƙin biya idan aka sauƙaƙa musu hanya. Sai dai kamfanonin sun gindaya sharaɗi, wato a kulle kowace waƙa. Kwaɗon Apple sunansa FairPlay, ɗaya daga cikin abin da masu sana'ar ke kira DRM. Waƙar da aka saya ba za ta yi sauti ba sai a kwamfutar da kamfanin ya ba izini, da farko guda uku, daga 2004 guda biyar, kuma a cikin na'urorin sauraro na aljihu sai ta Apple kawai.

Wahalar ta fito fili sosai da zuwan iPhone a 2007. Wayar ba ta ma fara aiki sai an jona ta da kwamfuta mai iTunes, kuma ba ta yarda ta zauna da rumbun waƙa fiye da ɗaya. A ɗauki mutumin da kwamfutarsa ta mutu, abin da ke faruwa kullum. Waƙoƙinsa na nan cikin wayar, yana jin su a kunnensa. Ya sayi sabuwar kwamfuta, ya sa kebul, sai saƙo ya fito yana shaida masa cewa wannan waya tana haɗe da wani rumbun, yana kuma tambayarsa ko a share abin da ke cikinta a zuba na sabuwar kwamfutar, wadda babu komai a cikinta. Idan ya danna da sauri, tarin shekaru ya tafi. Idan ya ƙi, ba zai iya ƙara ko waƙa ɗaya ba. Kwaso waƙoƙin daga waya zuwa kwamfuta kuwa, manhajar ba ta yarda sai waɗanda aka saya a shagon Apple. Waɗanda ya naɗa daga faifansa na halal sun maƙale. Mutane sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin rashin iya aikin masu manhaja. Ba kuskure ba ne. Da gangan aka yi hanyar ta zama mai shiga babu fita, don kada waya ta zama jakar kwasar waƙa daga gida zuwa gida. Sai a 2011 iPhone ta rabu da dogaro da kwamfuta, iTunes kanta kuma, bayan an lafta mata fina-finai da littattafai da sauran kaya har ta yi nauyi, Apple ya wargaza ta a kwamfutocinsa a 2019.

To, shin duk wannan takura ta hana satar? Shaidar da ta fi ƙarfi daga bakin mai kwaɗon ta fito. A Fabrairun 2007 Jobs ya wallafa buɗaɗɗiyar wasiƙa inda ya yi lissafin cewa ƙasa da kashi 3 cikin 100 na waƙoƙin da ke cikin iPod ne aka saya a kulle daga shagonsa, kuma a 2006 kamfanonin da ke nacewa a kulle waƙa a intanet sun sayar da sama da waƙoƙi biliyan 20 a faifan CD da babu wani kwaɗo a kansu. Ɓarawo faifai ɗaya yake buƙata, kwafi ɗaya ya isa duniya. Haka abin ya kasance da fim: kwaɗon DVD bai yi shekaru huɗu ba aka ɓalle shi a 1999, cikin waɗanda suka yi aikin har da wani matashi ɗan Norway, Jon Johansen, wanda kotun ƙasarsu ta wanke a 2003. Fim ɗin sata ya ci gaba da yawo ko'ina, yayin da wanda ya sayi faifan gaske a Amurka ya kawo Najeriya zai iya tarar da na'urarsa ta ƙi karɓa, saboda an raba duniya shiyya-shiyya, Amurka a ta 1, yawancin Afirka a ta 5. Da Sony BMG ya yi yunƙurin kulle CD ɗin kansa a 2005, sai ya ɓoye wata manhaja da ke shiga kwamfutar mai saye ba da saninsa ba, ta buɗe ƙofa ga masu kutse. Wani masani, Mark Russinovich, ya tona asirin, kamfanin ya janye faifan ya sha ƙararraki. Wanda ya sauke waƙar ta sata bai gamu da wannan masifa ba.

Wa kwaɗon ya amfana ke nan? Duk wanda ya tara waƙoƙin ɗaruruwan daloli a kulle da FairPlay ba zai iya komawa na'urar wani kamfani ba sai ya yi asararsu. Da RealNetworks ya samo dabarar sa waƙoƙin shagonsa su yi aiki a iPod a 2004, Apple ya toshe hanyar. An kai ƙara, masu taimaka wa alƙali suka wanke Apple a 2014, amma hukuncin bai sauya abin da ya faru a kasuwa ba: kamfanonin waƙa sun nemi kwaɗo don su tsare kayansu, sai suka wayi gari makullin yana hannun dillalinsu, shi ke yanka farashi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Don su rage wa Apple ƙarfi ne suka bar Amazon ya sayar da MP3 marar kwaɗo daga 2007, kuma a Janairun 2009 Apple ya sanar da cire FairPlay daga waƙoƙi gaba ɗaya. Wanda ya riga ya sayi masu kwaɗo an nemi ya ƙara senti 30 a kan kowace kafin a kwance masa. Sana'ar kuwa ba ta mutu ba. Waƙoƙin da shagon iTunes ya sayar sun kai biliyan 10 a 2010, suka kai biliyan 25 a 2013, bayan an cire kwaɗon.

Waƙa ta kuɓuta, amma fim da littafi da wasannin waya suna nan a kulle har yau, kuma a kansu ne babbar illar ta bayyana. Kaya mai kwaɗo sai ya riƙa neman izini daga na'urorin kamfani, saboda haka rayuwarsa ba ta wuce rayuwar shagon. Microsoft ya sanar a 2008 cewa zai daina ba da izini ga waƙoƙin da aka saya a MSN Music, sai da aka yi ca a kansa ya ɗaga wa'adin. A Yulin 2009 Amazon ya shiga cikin na'urorin Kindle na jama'a ya goge wasu littattafan George Orwell da suka saya, saboda wanda ya kawo su shagon ba shi da haƙƙinsu. An mayar da kuɗi, shugaban Amazon na lokacin, Jeff Bezos, ya nemi gafara, amma kowa ya ga cewa hannun mai shago yana kaiwa har cikin ɗaki. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan suka daina buɗewa. A ƙarshen 2023 Sony ya ce zai cire shirye-shiryen Discovery da mutane suka saya a PlayStation, sannan ya janye bayan ya sake daidaitawa da masu su.

Mai ja da wannan magana yana da hujja mai nauyi, kuma ba sai ya je Amurka neman ta ba. Masana'antar fim ɗin Hausa, wadda ta taso tun fim ɗin Turmin Danya a 1990, ta rayu ne a kan sayar da kaset da faifai a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai. Da waya mai katin memori ta yaɗu, sai ga saurayi a rumfa da kwamfutarsa, fim ya fito da safe, kafin la'asar yana tura wa mutane a waya a kan 'yan canji, su kuma su tura wa juna ta Bluetooth ko Xender. Kasuwar faifai ta durƙushe, furodusoshi suka karye, 'yan wasa da masu ɗaukar hoto suka rasa abin yi. Wannan zalunci ne, kuma duk mai cewa a bar fasaha ta yi yawo kyauta bai taɓa zuba jarinsa a fim ba. Sai dai tambayar ita ce ko kwaɗo zai hana hakan. Hollywood da dukiyarta da lauyoyinta ba ta iya hana fim ɗinta fita ba, kuma abin da ido zai gani ko kunne zai ji, wata na'urar za ta iya naɗa. Abin da ya ɗan dawo wa masu fim ɗin Hausa da numfashi shi ne shirye-shirye masu dogon zango a tashoshi irin su Arewa24 da kuma YouTube, inda mai kallo ya fi samun sauƙin zuwa wurin mai kaya a kan zuwa wurin mai turawa. Kuɗin da ake samu a nan bai kai yadda ake so ba, amma darasin ɗaya ne da na 2003: sauƙi da araha ke jawo mutum zuwa halal.

Hujja ta biyu ita ce zamani ya wuce wannan gardama, tunda yanzu Spotify da Netflix ake yi, dukansu da kwaɗo, mutane kuma ba sa kuka. Gaskiya ne, dalilin kuma a bayyane yake: wanda ke biyan kuɗin wata ya san haya yake yi, idan ya daina biya a rufe masa, babu wanda ya ruɗe shi. Matsalar tana wurin da aka karɓi kuɗin saye aka ba da haya. Za a ce ai an rubuta a sharuɗɗan da mutum ya amince da su. Amma sharaɗin da aka binne a shafuka masu yawa, cikin harshen lauyoyi, alhali maɓallin da ke gaban mutum yana ce masa saye ne, ba ya cikin abin da kowace kasuwa ke kira yarda. Jihar Kalifoniya ta amsa wannan a 2024 da dokar da ta hana shago ya kira irin wannan ciniki saye sai ya fito fili ya gaya wa mutum cewa izini kawai aka ba shi. Nauyin abin ma ya fi yawa a wurare irin namu, inda data ke da tsada, sabis ke ɗaukewa, waya kuma ke sauya hannu. Littafin da sai ya gaisa da kamfani a intanet kafin ya buɗe, ba a yi shi don ɗalibin ƙauye ba.

Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma ita ma ta haramta ɓalle irin wannan kwaɗo. Masu waƙa da masu fim sun cancanci kariyar. Amma hukumomin da za su aiwatar da ita, da matasanmu da ke gina manhajojin sayar da fim da littafi, su dubi abin da ya faru a inda aka fara: a hukunta mai kwafi yana sayarwa, a fayyace wa mai biya ko haya ce ko saye, idan kuwa saye ne a ba shi kayansa ta yadda zai iya ajiye su ya kai su wata wayar ko da shagon ya rufe.