Ƙahon Albarushi da Tarihin Bindiga a Ƙasar Haɗeja



Galibi idan aka tashi maganar tarihin Haɗeja, hankali yakan tafi kan sarakuna da yaƙe-yaƙensu. A wannan lacca ina so mu shiga ta wata ƙaramar ƙofa, watau ƙahon nan da 'yan bindiga da maharba suke zuba albarushi a ciki. Maƙasudina shi ne in nuna cewa wannan ɗan ƙaho yana bayyana abin da kakanninmu suka mallaka na sha'anin bindiga, yana kuma bayyana inda hannunsu ya tsaya.

Zuwan Bindiga

Bindiga baƙuwa ce, amma tsohuwar baƙuwa. Tun a ƙarni na 16 Imam Ahmad ibn Furtuwa ya ba da labarin 'yan bindiga Turkawa a rundunar Mai Idris Alooma na Barno. Wannan ya shafe mu, domin kafin jihadi Haɗeja da Auyo da maƙwabtansu suna bin Barno ne ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Ta yamma kuma, Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, da cewa shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa.

Duk da haka bindiga ba ta yawaita ba. Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya bijire wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya kori rundunar da aka haɗo masa a Kaffur, ya kuma rasu a yaƙin Gogaram a 1863, ƙarfinsa doki ne da mashi da takobi da baka. Sai a rabin ƙarshe na wannan ƙarni na 19 bindiga ta fara nauyi a fagen fama. Sarkin Damagaram Tanimu ya sa ana ƙera igwa ana haɗa albarushi a birninsa, sa'an nan Rabe ya ci Kukawa a 1893 da rundunar 'yan bindiga. Ga Haɗeja kuwa a tsakani, Damagaram ta arewa, Barno ta gabas.

Aikin Ƙaho

Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura mata. Saboda haka dole mai ita ya riƙa yawo da albarushinsa, wanda gari ne da ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Abokan gaban wannan gari biyu ne, laima da tartsatsi. In ya sha laima ba zai tashi ba, in tartsatsi ya taɓa shi zai tashi da mai shi. Ƙahon saniya ya yi maganin duka biyun: ruwa ba ya ratsa shi, ba ya ƙyasta wuta in ya gogi dutse, ba shi da nauyi, kuma lanƙwasarsa ta dace da kwiɓin mutum. A ƙasa irin ta Haɗeja, inda kogi yake malala ya cika fadamu kowace damina, ba sai an faɗa wa maharbi amfanin wannan ba. Fadamun nan kuma su ne suke jawo Fulani da rani da shanunsu, Bunaji da Rahaji masu dogayen ƙahoni. Ashe ƙasar da ta kawo matsalar ita ta ba da maganin.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mahauci ne yake ba da ƙahon. Sai a dafa shi, ko a ajiye shi har ƙashin da ke ciki ya saki, a zare. A kankare bayansa da wuƙa, wani lokaci har ya yi shara-shara, in an ɗaga shi a rana a ga yawan abin da ya rage a ciki. A datse tsinin, a huda shi da tsinken ƙarfe mai zafi irin na maƙera, a yi masa ɗan ƙaramin murfi. Ta nan ake tsiyaya.

Babban aikin yana gindi, wajen matoshi. Bakin ƙaho ba ya fitowa da'ira sosai, ga shi kuwa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Don haka masassaƙi yakan nemi busasshen itace, domin ɗanye zai tsuke daga baya ya bar kafa. Ya sassaƙe shi da gizago, ya gyara da wuƙa, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi. A tsoma gindin ƙahon a tafasasshen ruwa har ya yi laushi, a cusa matoshin, ƙahon ya huce ya kama shi gam. A kafe shi da 'yan turakun itace, a liƙe da kakin zuma. Daga nan baduku ya karɓa, ya rufe da fata, ya sa maratayi. A Turai da Amurka akan yi matoshin ne a kan na'ura mai juya itace, ana kanga masa ƙarfe mai kaifi. Sojojin Amurka a yaƙin 1754 zuwa 1763 har sunayensu da taswira suke zanawa a jikin ƙahoninsu. Kayan aiki sun bambanta, amma dabarar ɗaya ce.

Inda Hannu Ya Tsaya

To, a lura da abu guda. Mahauci da maƙeri da masassaƙi da baduku duk 'yan gida ne, saboda haka ƙaho bai taɓa gagarar mu ba. Abin da ya faru shi ne, a cikin ƙarni na 19 Turawa suka haɗa albarushi da dalma a kwanson tagulla ɗaya, ana ɗura shi ta gindin bindiga. Daga ranar, sojansu ya daina bukatar ƙaho. Bugu da ƙari, a yarjejeniyar da suka ƙulla a babban birnin Beljiyam a 1890, suka hana sayar wa yawancin Afirka sababbin bindigogi, suka bar mana tsofaffi masu ƙanƙara.

Sakamakon ya bayyana ran 25 ga Afrilu 1906, shekara uku bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, lokacin da rundunar Ingila ta auka wa birnin Haɗeja da igwa da bindiga mai ruwa. Kafin ɗan bindigarmu ya tsiyaya, ya danna da sanda, ya ɗana, ya harba sau ɗaya, mai ruwa ta zubo harsashi fiye da ɗari. Sarki Muhammadu ya tsaya da jarumawansa har aka kashe shi, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Jarunta ba ta gaza ba a ranar, makami ne ya gaza.

Kammalawa

Har yanzu ana jin bindigar toka a hawan salla da wajen farauta, amma da yawa sun koma zuba albarushi a kwalba ko gorar roba, masu iya aikin ƙaho kuma suna ta ƙarewa. Ina kira ga ɗalibai su je wurin tsofaffin maharba da masassaƙa, su rubuta sunan kowane ɓangare da kowane itace yadda suka ji daga bakinsu. Ma'aikatan al'adu na Jihar Jigawa kuma su nemi tsofaffin ƙahonin da ke rataye a ɗakuna, a adana su kamar yadda ake adana kayan tarihi a Gidan Makama na Kano. In gara ta cinye matoshi, mai sassaƙa shi kuma ya kwanta dama, ba mu da wanda za mu tambaya.