Ciwon kwankwaso: yaushe za a yi haƙuri, yaushe za a tafi asibiti?

Idan kana zaune a Droum ko wani ƙauye na gundumar Mirriya, ka san aikin da bayanka yake yi: sunkuyo a gona, jan guga a rijiya, daka, da ɗaukar damin gero. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon kwankwaso. Galibinsa yakan warke da kansa, amma akwai wanda jinkiri yake mayar da mai shi gurgu.

Yadda ƙashin baya yake

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne wajen 33, ɗaya bisa ɗaya. Akwai 7 a wuya, 12 a daidai haƙarƙari, 5 a kwankwaso. Sauran sun manne da juna daga ƙugu zuwa ƙasa. Na kwankwaso su suka fi kauri, domin su suke ɗauke da nauyin jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi mai hana su gogar juna. Laka tana bi ta tsakiyarsu, kuma daga gare ta jijiyoyi suke fita zuwa ƙafafu, mafitsara da dubura.

Ciwo iri uku

Gurɗewar tsoka ita ta fi yawa. Takan biyo bayan aiki mai nauyi, ta lafa cikin 'yan makonni.

Wani lokaci faifan guringuntsi yakan bulluƙo ya danne jijiya. Sai ka ji zogi yana sauka daga ɗuwawu, ta bayan cinya, har ƙafa.

Ƙwayar tarin fuka ma tana iya cin ƙashin baya. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana wannan cuta a 1779. Alamunta su ne rama, zazzaɓi, gumin dare, da doro mai fitowa a hankali. Tana warkewa idan an sha magani kullum, wata 6 ko fiye.

Abin da za ka yi a gida

Kada ka kwanta kwana da kwanaki, domin dogon kwanciya yana sandarar da baya. Ka riƙa 'yar tafiya, ka gasa wurin da tsumma mai ɗumi. In za ka ɗaga buhu, ka durƙusa, ka jawo shi jikinka, sannan ka miƙe da ƙarfin cinyoyi. Ke mai ɗebo ruwa, sahu biyu da kaya kaɗan ya fi sahu ɗaya da kayan da ya fi ƙarfinki.

Ka guji ƙwayoyin masu talla. Tiramol yana kama mutum har ya kasa bari, wasu kuma suna ɓata ciki da ƙoda. Allurar da aka yi a ɗuwawu ba a wurin da ya dace ba tana iya lahanta jijiyar ƙafa.

Alamun haɗari

Ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira ranar kasuwa, idan:

fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zuwa ba da saninka ba;

ba ka jin taɓawa a matse-matsi ko a gabanka;

ƙafafu suna rasa ƙarfi;

ciwon ya zo da zazzaɓi ko rama.

Ma'aikacin asibitin garinku zai duba ka, in abin ya fi ƙarfinsa ya tura ka babban asibitin ƙasa na Zinder, inda ake ɗaukar hoton ƙashi.

Wanda ya faɗo daga bishiya ko babur yana kukan baya, kada a zaunar da shi, kada a kai shi wurin maɗori. A kwantar da shi a miƙe bisa katako ko ƙyauren ɗaki, mutum ɗaya ya riƙe kansa, a kai shi asibiti a haka.