Daga Rumbu Zuwa Gwangwani: Tarihin Cimar Kyanwa a Ƙasar Chinade

Gundumar Chinade, wadda take cikin ƙaramar hukumar Katagum ta Jihar Bauchi, tana cikin yankin da aka daɗe ana noman gero da dawa da wake da gyaɗa, tun kafin Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, kuma sana'ar ba ta canza ba bayan da aka mayar da fadar masarautar zuwa Azare a zamanin Turawa. Duk inda aka tara hatsi kuwa ɓera ba ya nisa, domin haka tarihin kyanwa a wannan ƙasa reshe ne na tarihin rumbu, wato ɗakin ajiyar hatsi da ake ginawa da ƙasa ko a saƙa da kara, a ɗora shi bisa duwatsu don kada danshi da gara su kai ga dammunan da ke ciki. Masana sun nuna cewa dangantakar mutum da kyanwa ta faro ne a irin wannan hali, gama kyanwar gida ta samo asali daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da manoman farko saboda ɓerayen da ke bin hatsinsu, kuma a tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 da aka binne mutum da kyanwa gab da juna.

A gidan manomi na gargajiya ba a san wani abu wai shi abincin kyanwa ba. Abin da uwargida take ba ta shi ne ragowar tuwo ko ɗumame a cikin fasasshen kasko, wani lokaci da ɗan nono idan Fulani sun kawo, da kan kifi ko ƙashi ranar da aka yi miyar nama. Mai kallo daga waje zai ɗauka cewa da wannan dabbar take rayuwa, alhali ainihin cimarta tana bayan rumbu da cikin danga, inda take kama ɓera da ƙadangare da ƙananan tsuntsaye, da fara a lokacin kaka. Tuwon da ake zuba mata, in an duba da kyau, amfaninsa shi ne ya riƙe ta a gidan don kada ta koma maƙwabta, kuma akwai masu ganin cewa ƙosar da ita ma kuskure ne, wai kyanwar da ta ƙoshi ba ta farauta, ko da yake masu nazarin ɗabi'ar dabbobi sun lura cewa ƙoshi ba ya hana ta kamu. Yayen 'ya'ya ma ba aikin mai gida ba ne. Idan suka kai kimanin mako 4 zuwa 5, uwar takan fara kawo musu mataccen ɓera ta ci a gabansu, daga baya ta riƙa kawo wanda ta raunata bai mutu ba, ta ajiye shi a tsakiyarsu ta ja gefe tana kallo, in ya nemi sulalewa ta sa hannu ta dawo da shi, har su koyi cizon wuya da kansu. Zuwa mako 8 sun bar nono, kuma a lokacin ne akan ba maƙwabci ko ɗan'uwa ɗaya daga ciki, akasari kyauta.

Addini ya ba wannan zama gindi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da almajiran ilimi na ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa, akwai hadisin Abu Ƙatada da ke nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce kuma ruwan da ta sha ya halatta a yi alwala da shi, sannan Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Hukuncin da malamai suka fitar daga nan ya dace da tsarin rumbu daidai: ko dai a ciyar, ko a saki. Camfin da ke danganta baƙar mage da aljanu ko maita ya wanzu a gefe, amma bai taɓa korar ta daga tsakar gida ba.

Rabe-raben abincin kyanwa zuwa jiƙaƙƙe da busasshe ya fito ne daga biranen da ba su da rumbu. A Landan ta ƙarni na 19 akwai masu talla da sana'arsu ke nan, su bi gida-gida da dafaffen naman doki suna sayar wa masu kyanwa, kuma a wajajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka a Ingila, wanda ake ɗauka shi ne farkon abincin dabbobin gida na masana'anta. Abincin gwangwani na karnuka ya bayyana a Amurka a 1922, na kyanwa ya biyo baya a shekarun 1930, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo ƙarancin ƙarfen gwangwani da nama, abin da ya tura masana'antu ga busasshen abinci. A shekarun 1950 kamfanin Purina ya fara amfani da wata na'ura mai dafa ƙullin hatsi da garin nama da zafi da matsi, ta turo shi ta ƙananan ramuka kamar yadda injin taliya yake yi, a yanka shi ƙwaya-ƙwaya a busar, a fesa masa kitse don ƙamshi. Wannan shi ne busasshen abinci, wanda ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, yayin da jiƙaƙƙe, wato na gwangwani ko na leda, yake ɗauke da ruwa kashi 75 zuwa 80. Jikin ɓera kuwa kimanin kashi 70 cikin ɗari ruwa ne, wanda ke nuna cewa kyanwar rumbu, wadda kakanninta dabbobin busasshiyar ƙasa ne da ba su cika jin ƙishirwa ba, jiƙaƙƙen abinci take ci tun asali ba tare da kowa ya ba shi suna ba.

Masana'antun sun yi tuntuɓe kafin su gane abin da ɓera yake bayarwa. A 1975 bincike ya nuna cewa rashin wani sinadari mai suna taurin, wanda ake samu a tsokar dabbobi amma babu shi a hatsi, yana lalata idon kyanwa har ta makance, sannan a 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa rashinsa a abincin kanti yana kumbura zuciyarta ya raunana ta, abin da ya sa kamfanoni suka ƙara shi. Kyanwa ba ta iya haɗa isasshen taurin a jikinta, ba ta kuma iya samar da bitamin A daga ganye ko karas yadda mutum yake yi, shi ya sa ake lissafa ta cikin dabbobin da nama ya zame wa dole.

Wannan ilimi bai iso ƙasar Katagum da wuri ba, domin aikin likitan dabbobi da Turawa suka kafa, wanda cibiyarsa ta zauna a Vom tun 1924, ya fuskanci shanu ne da annobar bushiya, kuma har yau manomi yakan nemi malamin dabbobi saboda sa ko tunkiya, ba saboda mage ba. Abin da ya canza a ƙasa shi ne gidan kansa. Buhu da sito na siminti sun rage rumbuna, kwano ya maye gurbin jinka, shinkafar ɓera ta cika kasuwanni, kuma kyanwar da ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma tana iya mutuwa. A gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa na Azare da Chinade an fara samun 'yar kyanwar da aka raba da uwarta da wuri, aka tsare ta a ɗaki mai tayil, ana ba ta shinkafa da miya da madarar gari saboda haka aka ga iyaye suna yi, an manta cewa ta iyaye tana da bayan rumbu. Sakamakon sananne ne: zawo, domin kyanwar da aka yaye ba ta narkar da sukarin madara sosai, gara ma kindirmo da tsami ya rage masa sukarin, da rama da zubar gashi, da ƙarancin jini idan miyar ta cika albasa ko tafarnuwa, waɗanda suke fasa jajayen ƙwayoyin jininta. Abin takaici ne cewa wannan ya zo a lokacin da ake ƙara bukatarta, gama Bauchi tana cikin jihohin da zazzabin Lassa, wanda aka gano a 1969 kuma ɓera ke yaɗawa, ya fi addaba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ajiye kyanwa cikin matakan rage ɓera a gida.

Ga wanda ya karɓi sabuwar 'yar kyanwa a yau, abincin kanti kaya ne da galibi ake shigowa da shi daga waje, a same shi a manyan kantunan Kano ko Abuja, kuma farashinsa ya hau tun faɗuwar darajar naira a 2023. Na gwangwani ya fi dacewa da ƙananan haƙora da bukatar ruwa, amma a zafin bazara ba ya jure zama a kwano, kuma ragowarsa sai da firji, wanda shi ma sai da wuta. Busasshe ya fi arha da sauƙin ajiya, sai dai yana bukatar a jiƙa shi da ruwan ɗumi ga mai mako 4 zuwa 8, a ajiye ruwan sha a kusa kullum, a kuma rufe shi sosai da damina don kada ya yi hunhuna. Mafi yawan gidaje dai teburin mahauci za su dogara da shi, inda zuciya da tsoka da dafaffen kifin da aka cire wa ƙaya suke ba da taurin, a ba ta kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a rana saboda ƙanƙantar cikinta. Hanta ba a yawaita ta, domin bitamin A da ke cikinta yana taruwa ya sanƙarar da gaɓoɓi, kuma zallar tsoka ba ta wadatar da 'yar kyanwa mai tasowa, saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam da ke gina ƙashi, wanda ake iya cike gurbinsa da ɗan garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka lukui.