Octavia Butler: Tarihinta da Ayyukanta

Ɗaliban adabi sun san Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Irin wannan rubutu shi ake kira ƙagaggen labarin kimiyya. A Amurka an daɗe ana ɗaukarsa fage ne na Turawa maza, har wata baƙar fata, Octavia Butler, ta kutsa ciki. Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba yadda ta yi hakan.

An haife ta a Pasadena, Jihar Kalifoniya, ranar 22 ga Yuni, 1947. Mahaifinta mai goge takalma ne, ya rasu tana ƙarama. Mahaifiyarta kuwa aikatau take yi a gidajen Turawa, inda takan shiga ta ƙofar baya. Da Octavia ta girma ta yi wanke-wanke da aikin masana'anta, tana tashi cikin dare ta yi rubutu kafin ta fita. Littafinta na farko, Patternmaster, ya fito a 1976.

Wanda ya fi shahara shi ne Kindred, na 1979. Asalinsa, tana kwaleji ta ji wani saurayi yana zargin magabata da miƙa wuya ga Turawa. Ta ga cewa bai san abin da suka jure ba. Sai ta ƙagi Dana, matar zamani, wadda ake fizgo ta baya zuwa wata gonar bayi a Maryland. Dole Dana ta riƙa ceton Rufus, ɗan mai gonar, domin shi ne kakanta na asali. In ya mutu da wuri, ita ma ba za a haife ta ba. Daga ƙarshe ta dawo, amma ba hannu ɗaya. Wato dai ba a fita daga bauta lafiya lau.

A Wild Seed, na 1980, tauraruwar labarin, Anyanwu, Inyamura ce daga gaɓar Kwara. A Parable of the Sower, na 1993, ta hango Amurka ta shekarar 2024 cikin fari da gobara da rashin tsaro.

Ta ci kyautar Hugo a 1984 da 1985, ta kuma ci Nebula sau biyu. A 1995 ta zama marubuciyar wannan fanni ta farko da ta sami kyautar MacArthur. Ta rasu ranar 24 ga Fabrairu, 2006. A 2021 hukumar NASA ta sa sunanta a wurin da na'urarta ta sauka a duniyar Mars.

A taƙaice, Butler ta nuna cewa labarin kimiyya ba na kumbo da taurari kaɗai ba ne. Hanya ce ta bin diddigin mulki da bauta. Ƙalubale ne ga masu alƙalami a cikinmu.