Tsirran da mutanen Zariya ke magance mura da tari da su

Da zarar hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mura da tari da kaikayin maƙogwaro kan yawaita a Zabi da Samaru da Sabon Gari. Kafin a nufi kemis, yawancin gidaje kan fara da abin da ke madafa ko a gefen gona.

Citta ce kan gaba. Daga kudancin Jihar Kaduna, musamman Kachia da Jaba, take shigowa kasuwar Sabon Gari. Ana dafa ta da kanumfari da masoro da kimba, a matsa lemun tsami, a zuba zuma, a sha da ɗumi. Tafarnuwa kuwa akan daka ta a miya ko a haɗa ta da zuma. Daga daji ake samo sabara, wadda masana ke kira Guiera senegalensis, a tafasa ganyenta domin tari. Ganyen darbejiya ana yin sirace da shi: mutum ya lulluɓa da zane ya shaƙi tururin domin hanci ya buɗe.

Wannan ilmi ya daɗe da shiga littafi. A 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da ma'ajiyar busassun tsirrai da sashen nazarin magungunan da ake samu daga itatuwa.

Mura dai ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, kuma jiki ne ke yaƙar ta, galibi cikin kwana 7 zuwa 10. Abin da waɗannan haɗe-haɗe ke yi shi ne sauƙaƙa wahalar: su sanyaya maƙogwaro, su sassauta majina. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma, kuma tukunyar sirace kan ƙona yara.

Idan numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, sai asibiti. Tarin da ya wuce mako biyu na buƙatar gwajin tarin fuka, kuma akwai cibiyar ƙasa ta wannan cuta a Saye, kusa da Zariya.